Bello Mai Jingina

Duk wanda ya san Bello a Aliero ya san shi da ƙullin gishiri a aljihu. Ko miya ta yi lami ba zai ce wa matarsa ta ƙara ba, sai ya kwance ƙullinsa ya barbaɗa a kwanonsa. "Tukunya tata ta," in ji shi, "kwano nau na."

Wata rana ya ari babur ɗin wansa za mu Maiyama, babur ɗin kuwa ba wurin ɗaura kaya. Na ce ga mai walda nan, a liƙa masa ƙarfe mana. Ina! Katako ya samo ya ɗaure da igiya. Ba mu yi nisa ba katakon ya zame, jakarsa ta yi cikin gona. Ya sauka ya zagaya babur, ya dube ni yana murna: "Ka gani? Babur lahiya lau!"

Sana'armu ɗaya da shi, rubuta manhaja, kuma wallahi na fi shi sauri, ku tambayi kowa. Da 'yan albasa suka nemi manhajar bin kayansu daga rumbu zuwa mota, suka ce kowa ya yi tasa, wadda ta fi ita za su riƙe. Dukanmu muka ɗauko wani tsari na kyauta da wani Bature ya rubuta. Kilas ɗinsa na kaya, wato gurbin bayanin kowane buhu, suna da nauyi kawai ya sani. Bawan Allah bai san albasa na ruɓewa ba.

Ni na buɗe rubutun Baturen na cusa ranar zubi a ciki, wato ranar da aka zuba albasa a rumbu, kafin la'asar na gama. Bello ya ƙi. Ya zauna ya rubuta nasa ƙaramin kilas wanda ya gaji komai na Baturen, ya ɗora ranar zubi a kan nasa.

"Bello, mi ad da wahala haka?"

"Gidan wani na. Ba ni huda mai bango, jingina rumhwata nika yi. Ran da mai gida yat tashi yaɓe, ina kaka sa kayanka?"

Bakinsa ne ya kama ni. Baturen ya sabunta tsarinsa, ranar kasuwar Jega kuwa, ana cikin lodi. Tawa ta ɗauke ɗif, tasa ko gezau. Har gobe ina cewa laifin Baturen ne. 'Yan albasa dai suka bi Bello, suna gaishe shi tun daga nesa, ni kuwa sai ɗaga hannu. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan rasuwarsa aikin ya dawo hannuna. Na ce to, yau zan rushe in gina tawa, a san ni ma ina nan. Ban ko buɗe kwamfuta ba shugaban 'yan albasa ya dafa kafaɗata: "Injiniya, ƙara abin da kaka so. Amma kak ka taɓa na Bello."

Kai, Bello! Kana kabari ma ka fi ni. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya raya abin da ka bari. Na yi kewarka ƙwarai.