Ranar da Na Kai Na'ura Gaisuwa Mafara

Autana ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun yana goye haka yake, in na tsaya magana da wata sai ya yi ta shurina da ƙafa har in ci gaba da tafiya. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, halin bai sake shi ba.

Shekarar da ya faɗi da babur a hanyar Bakura, ɗauke da buhunan albasa, ƙafarsa ta dama ta karye ƙasa da gwiwa. Maɗori ya zo har gidanmu a Dakko ya ɗora, ya ɗaure da kara, ya ce a kwanta. Na fita barkar haihuwa a maƙwabta, kafin in dawo mutumin nan ya dogara sanda ya je duba ruwa a gona. Ƙashi ya goce. Sai da aka sake ɓallawa aka sake ɗorawa, ihun da ya yi kuwa har kaji suka watse. Da maɗorin zai tafi ya kira ni zaure ya ce, "Inna, in ya ƙara takawa kafin in kwance karan nan, ba ni da sauran dabara. Da ɗingishi zai ƙare rayuwarsa."

Daga ranar na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a ƙofar ɗakinsa. A nan nake kaɗi, a nan nake tsince wake. Amma na san tsaro ba ya riƙe babban mutum. Ina ganin idonsa kullum yana kan ƙofa.

Ana cikin haka sai ga ɗan ƙanena daga Maradun, taubashinsa, ya iso da kwali ɗaure a bayan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ɗaga murya.

"Ina gurgun bawan nan nawa? An ce buhun albasa ya kada shi!"

"Shigo ka gani, ɓarawon nono," in ji auta daga ciki. "Da ƙafa ɗaya ma na fi ƙarfinka."

Abin da ke cikin kwalin na'urar wasa ce, wadda samari ke kira gem. Ya sayi sabuwa, ya kawo wa ɗan'uwansa tsohuwar aro har ya warke. Suka haɗa ta da talabijin da wutar sola, sai ga 'yan mutane ƙanana suna guje-guje bayan ƙwallo. Ban so abin ba. Nan take na kafa doka: da an kira salla a kashe, ba zagi, ba caca, kuma duk wanda ya zo kallo ya bar takalminsa waje.

Sai dai na ga abin da ban zata ba. Auta ya kwanta. Ƙafa a kan matashi, hannu biyu a kan abin dannawa, ya manta akwai ƙofa a ɗakin. Bayan la'asar abokansa su zo a yi ta fafatawa. Ni kuma daga kan tabarma na fara leƙe, wai don in tabbatar ba a karya doka ba. Da kaɗan da kaɗan na gane akwai masu jar riga da masu fara, na gane na auta su ne jajaye. Ranar da wani farin ya taɗe jan da gangan, ban san sa'ad da na ce, "Kai, wanga ba shi da tarbiyya!" ba. Ɗakin ya ɗauki dariya, na ce duk wanda ya ƙara dariya ya fita.

Wata safiya matarsa ta zo ta ce, "Inna, zo ki gani, abin ya ƙi." Na shiga. Ni ban yi boko ba, rubutun da ke jikin talabijin bai ce mini komai ba. Amma a kan hoton ƙwallon akwai ɗan kwaɗo a kulle, shi kam na san shi. Makullan gidan nan duka a bakin zanena suke, na rumbu da na ɗakin hatsi da na akwati. Ga kwaɗo a cikin gidana, mabuɗinsa ba ya hannuna.

"Wa ya kulle?" na ce.

"Masu kamfanin, Inna. Wasan da sunan taubashina aka saye shi. Lokaci lokaci sai na'urar ta hau sabis ta ji daga wurinsu cewa har yanzu an yarda a buga. Ta daɗe ba ta ji ba, shi ne ta rufe."

"Ai aro ne. Mai abu ya kawo da hannunsa, a gabana."

"Ita ba ta san aro ba."

Na tsaya ina kallon abin nan. Tukunyata ta biki ta zaga Dakko kaf, ta dafa abincin suna da na aure da na saukar karatu, ba ta taɓa tsayawa tsakiyar dahuwa ta ce sai ta ji daga wanda ya ƙera ta ba. A wajenmu kuwa sabis sai an je gindin tsamiyar bakin hanya, shi ma da ƙyar yake ɗaukar sallama. Wani abokinsa ya aro faifan wasa na hannu daga Bakura. Na'urar ta haɗiye faifan, ta yi shiru, sannan ta ce shi ma sai ta sauko da wani abu ta sabis tukuna.

Kafin azahar idon auta ya koma kan ƙofa. Washegari na ji shi yana raɗa wa matarsa ta aika a kira masa mai babur. "Mafara ce kawai, a zaune zan je, a zaune zan dawo. Akwai shagon da za a buɗe ta."

Na ɗaga labule na ce, "Ni za ni."

Ya yi dariya har ya dafe ƙafar. "Inna, mi za ki ce musu?"

"In ce na kawo ta ta gai da masu ita. Ba shi ke nan ba?"

Matarsa tana jego, ba ta fita. Kayan aro kuma ban taɓa danƙa wa yaran unguwa ba, ko rariya ce. Ranar Talata da sassafe na naɗe na'urar a sabon zane, na sa a kwando, na tattara wayoyinta kamar igiyar guga. Na ɗauki sandar auta ita ma na tafi da ita. Na ce wa matarsa, "In ya sauko daga gadon nan, ke zan tambaya."

A motar kasuwa an matse ni tsakanin mai kaji da wata mai tallar daddawa. Kwandon yana kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga shi sama. Mai daddawa ta ce, "Ƙwai ne, Inna?" Na ce, "Ya fi ƙwai." Gaskiya ɗoki nake kamar yarinyar da aka aika kasuwa karon farko. Na daɗe rabona da jin haka.

A Talata Mafara ban sha wuyar neman shagon ba, ihun samari ya kai ni. Na yi sallama na shiga da kwando a ka da sanda a hannu. Wani ya ce, "Hajiya, wasa nawa za a buga?" Na dube shi sau ɗaya, ya matsa ya ba ni benci. Mai shagon magidanci ne mai natsuwa. Muka gaisa, na kwance zanen, na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai yi dariya ba. Ya haɗa ta da talabijin ɗinsa da sabis ɗin shagon, ya danna nan ya danna can, sannan ya juyo.

"Inna, ta isa wurinsu. Amma sun ce sai mai sunan ya tabbatar. Sun aika masa wata lamba ta waya, sai ya karanto mana."

Dama auta ya sa matarsa ta rubuto mini lambar wayar taubashin a ɗan guntun kwali. Mai shago ya kira, ya miƙo mini wayar, tunda ɗan ƙanena ne.

"Salamu alaikum. Gwaggonka ce."

"A'a, Gwaggo! Ina kwana?"

"Lahiya lau. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya babanka, ƙafar tasa ta yi sauƙi? Ya innarka? Ya maiɗakinka da yara? Ƙaramar ta fara tafiya? Ya ruwa a wajenku? An ce kun je Damaga duba shanu, kun iske su lahiya?"

Shi ma ya mayar mini da nawa, ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi akuyata mai ciki. Mai shago yana ta ɗaga mini hannu, na ɗauka sauro yake kora. Da muka kammala na ce, "To, akwai wata lamba." Ya karanto, mai shago ya danna, ya girgiza kai.

"Ta mutu, Inna. Lambar ba ta jira. In aka daɗe sai ta lalace."

"Lamba ce ke mutuwa don an gaisa?"

Samari suka fashe da dariya, wani har ya faɗo daga benci. Aka sa kamfanin ya aika wata, aka sake kira. Wannan karon na yi niyyar taƙaitawa. Sai ga muryar ƙanena da kansa, ya karɓe wayar daga hannun ɗansa da ya ji ni ce. Mutumin da na goya, mun daɗe ba mu ji juna ba, in ce masa ya ba da waya ana jira? Muka gaisa. Ya ba ni labarin rasuwar wata maƙwabciyarsu, na yi masa ta'aziyya, muka yi mata addu'a. Lamba ta biyu ta bi ta farko.

Mai shago ya share gumi ya ce, "Inna, in aka yi ta kuskure suna iya rufe abin gaba ɗaya su ce sai wani lokaci. Wannan karon, don Allah, lambar kawai."

Na tuna auta a gida, rana tana yi, ba na'ura, ba ni a ƙofa. Sanda tana hannuna, amma akwai taɓarya a tsakar gida, kuma na san ɗana. Samarin nan duk sun bar wasanninsu sun kewaye ni. Aka kira. Na ji ya ɗauka ya fara, "Gwaggo, ina kwa..."

"Faɗi lambar!"

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa fara magana da mutum haka ba. Shi ma ya razana, ya zubo lambobin a guje, mai shago yana dannawa. Sai ɗan kwaɗon nan ya ɓace daga kan hoton ƙwallon. Shagon ya kaure da sowa, ana tafi, wani yana cewa, "Hajiya ta ci! Hajiya ta ci!" Ni kaina na buga sandar auta a ƙasa, ban hana kowa dariya ba.

Amma na tambayi abin da ke raina: in na koma Dakko, yaushe za ta sake kullewa? Mai shago ya ce akwai hanya. Kamfanin ya yarda kowane mai suna ya zaɓi na'ura ɗaya ta zama ta gida, ita ba a matsa mata da neman sabis. Yanzu sabuwar da ke Maradun ce ta gida. In mai sunan ya yarda a mayar da wannan, to tasa ce za ta riƙa neman sabis duk sa'ad da zai buga.

Wayar tana kunnena har yanzu. Na gaya masa.

"Haba Gwaggo, sabuwar tawa? Don wancan bawan? Sai ya faɗa da bakinsa cewa na fi shi iya ƙwallo."

"Kai a cikin gari kake, kuma ƙafarka biyu. In sabis ya ƙi, tashi ka bi shi."

Ya yi dariya ya ce, "Awo, Gwaggo. A mayar."

Ban tsaya sayen ko gishiri ba. Motar farko na shiga. Da na sauka Dakko sauri nake har mayafina yana zamewa. Na iske matarsa zaune a kan tabarmata a ƙofar ɗaki, jariri a cinya, ta jawo turmi ta tare hanya. Auta yana bakin gado, ƙafar mai lafiyar a ƙasa, karyayyar tana kan matashi ba ta taɓa ƙasa ba. Matar ta ce, "Inna, da kin ƙara daɗewa da ban san yadda zan yi ba."

Aka haɗa. Babu kwaɗo. Jajaye suka fito fili, auta ya gyara kwanciya ya ce, "Inna, mi kika ce musu?" Na ce ba ruwansa, ya kula da mai tsaron gidansa da ke barin ƙwallo tana wucewa ta tsakanin ƙafafu.

Bai ƙara saukowa ba har ranar da maɗori ya kwance karan. Ya taka a tsakar gida, ya je bakin rumbu ya dawo, ƙafa biyu daidai. Matarsa ta yi guɗa.

Da taubashin ya zo ɗaukar kayansa, na sa masa ƙuli-ƙuli da ƙwan zabi a cikin kwalin, don ba a mayar da kayan aro haka nan. Ya ɗaure a babur zai hau, na ce ya dawo ya zauna. Akwai gaisuwar da na katse masa a Mafara. Na faro ta daga ina kwana, na bi ta kan babansa da innarsa da yara da shanun Damaga, ban tsallake kowa ba, auta yana tsaye a kansa yana cewa ya amsa da kyau.