Hannun Haj Abakar a Cikin Tallaja

Har gobe ban manta da safiyar da mudir, shugaban makarantarmu, ya aiko a fito da ni daga aji ba. Watan Janairu ne, kafin yaƙi, ina malamin jugurafiya a sakandaren wani ƙauye kusa da Suki. A ƙa'idarmu ba a katse wa malami darasi sai mufattish, wato mai duba makarantu, ya zo. Na tafi ofis ina gyara rawani, sai na tarar da Haj Abakar, wani dattijo mai gonar dawa a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, zaune a ƙasa ya ƙi kujera.

Kowa ya san abin da ya same shi. Ɗansa Usman, tsohon ɗalibina, ya bi ɗan baffansa Musa zuwa arewacin Norway, suna gyaran turakun waya a kan wani dutse. Dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsaunin ta rufe Usman. Musa ya bugo ya ce ba za a iya tono gawar ba sai ƙanƙara ta narke, watanni nan gaba.

A wajenmu mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar yana makwancinsa, bayan kwana uku a naɗe tabarmin makoki. Haj Abakar ya ƙi naɗewa. Ya kuma rantse ranar Juma'a zai tsaya a ƙofar masallaci ya tsine wa Musa, ya yanke zumunci da gidan ƙaninsa, don a ganinsa ƙin tono gawar Musa ya yi.

Mudir ya ce, "Ustaz, kai ka san ƙasashen nan. Yi mishi bayani."

Ni da ban taɓa wuce birnin Madani ba sai sau biyu! Amma na ɗauko taswira. Na nuna masa dutsen, can kusa da inda takardar ta ƙare. Na ce babu itace a samansa, sanyi ya hana, babu ƙauye kusa, hanya ɗaya ce kuma tana toshewa. Na ce a wannan watan rana ba ta fitowa sam, iska kuwa tana kayar da namiji tsayayye. Dusar da ta zaftaro tana daskarewa ta yi tauri, wanda ya hau tono kuma wata na iya rufe shi.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ya ustaz, ji tsoron Allah. Garin da rana ba ta hitowa, yaushe suka sallar azahar? Musa ya koya maka mi za ka ce?"

Raina ya ɓaci, ba don ya ƙaryata ni ba. Shekaru ina karantar da wannan darasi, yara suna haddacewa suna cin jarrabawa, ga shi ya kasa amfanar mutum ɗaya da ke bukatarsa.

Na roƙi mudir izinin fita. Na ja dattijon zuwa kantin bakin kasuwa, inda ake da babbar tallaja, wato firji, ta ƙanƙara. Na buɗe, na ce ya tona farin da ya daskare a jikinta. Ya sa farce, bai shiga ba. Ya zaro wuƙar damtsensa ya sara, ɗan gari kawai ya zubo. Na ce ya ƙaddara wannan ya fi tsayin soron masallaci, a gefen dutse, cikin duhu.

Sai ya ajiye wuƙar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan ƙanƙarar. Ya daɗe. Mai kanti ya ce, "Ya Haj, halas, ya isa, za ta ƙone ka." Bai ɗaga ba har yatsun suka yi fari.

Ya ce, "Cikin wagga shike kwance? Yaron da ko da rani sai an ɗuma mai ruwan wanka."

Na rufe tallajar.

Ranar Juma'a bai tsine wa kowa ba. Ya buga wa Musa waya ya ce kada ya hau dutsen, gida ɗaya ba ya iya rasa biyu. Tabarma dai bai naɗe ba sai da damina ta kusa, aka tono Usman aka yi masa sutura a can.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu, ku sani babu wurin da ya yi nisa a taswira, ɗan wani yana can. Na ci gaba da karantar da darasin har na yi ritaya, amma duk shekara idan na kai kan darasin dutsen nan, sai na juya wa yara baya na daɗe ina goge allo.