Waken Zakka

Kawuna, wan mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne a Dungas. Mangazarsa, inda yake ajiye hatsi, na bayan kasuwa, kuma ba a taɓa ganin ƙafarsa a ƙofar banki ba. Kullum a majalisa maganarsa ɗaya: kuɗin ruwa ne ya ƙone albarkar ƙasar nan, da masu hali za su fidda zakka yadda Allah ya ce, da babu mai kwana da yunwa daga nan har Magariya. Har ƙungiya suka kafa shi da abokansa, suna ba manoma iri ba tare da ruwa ba. Ni lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar kowane malami, kuma gaskiya ina son jin maganar. Har yanzu ma ban ga ƙarya a cikinta ba.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, kwanon mangazar ya yi yoyo ta kusurwar gabas. Bayan kaka na je gaishe shi, na tarar ana fito da buhunan wake. Wani wari ya tare ni tun daga bakin ƙofa, warin ruɓa haɗe da na maganin ƙwari. Na sa hannu a buhu ɗaya da ya yage. Waken ya cure, ya yi fumfuna, ƙwari na fitowa ta ramukansa suna bin yatsuna.

Na ce, “Kawu, wannan juji za a kai?”

Ya yi dariya. “Wane juji, Mushe? Haƙƙin Allah ne. Zakkar bana ke nan.”

Ya sa aka juye shi a sababbin buhuna, aka zuba mai kyau a sama, aka ɗinke. Ranar Juma'a mata suka yi layi a rana, shi kuma ya sha farar shadda, wani abokinsa na ɗaukar hoto da waya. Kowace sai ta durƙusa ta yi addu'a kafin a ɗora mata rabonta. Ina tsaye gefe ina kallo.

Cikin matan akwai maƙwabciyarmu, tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki. Iya muke ce mata. Washegari na ji tana sheƙe waken a tsakar gidanta, tana tari. Ta wanke, ta sake wankewa, ruwan na fita baƙi. Ta dafa kaɗan ta gwada, gidan ya ɗume da ɗoyi har namu. Ta zuba wa akuyarta, akuyar ta shinshina ta juya.

Da la'asar ta kira ni ta katanga. “Mushe, zo ka kama mini buhun nan na ɗora.”

Na ce, “Ina za ki da shi, Iya?”

“Wurin mai shi.”

Na bi ta. Ta sauke buhun gaban Kawu yana tsakiyar mutanensa, ta gaishe shi da kyau, sannan ta ce, “Alhaji, ga kayanka. Na gode. Amma yaran nan marayu ne, ba zan ba su abin da akuya ta ƙi ba.”

Na zaci kunya za ta kama shi. Sai ya gyara hula ya ce ai aiki da niyya yake, kuma talakan yanzu ya iya tsirfa, a ba shi kyauta ya tsaya zaɓe. Wasu suka gyaɗa kai. Ɗaya ma cewa ya yi, “Wallahi haka ne, Alhaji.” Iya ta kakkaɓe zanenta ta tafi.

Ba a zubar da buhun ba. A gabana Kawu ya ce a sake ɗinke shi, a sa a amalanken da zai je ƙauyukan Guci, can mutane sun fi sanin darajar abu.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce, “Yayana ne, ka rufa mana asiri.” Ita ce dai ta auna wa Iya gero daga rumbunmu ta aika mata. Ina ci gaba da gaishe shi a sallar Idi da wurin biki, amma tun daga ranar, in aka kawo abinci a gidansa, sai in ce na ƙoshi.