Tsummokaran da Kaka ta ɗaura a gonarmu

Ranar wata Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya shigo gida da risho ɗaure a bayan babur ɗinsa, an matse shi tsakanin jarkoki. Kore ne, sabo fil, sai ƙyalli yake yi. Ya sauke shi a tsakar gida kusa da murhun Inna, ya zuba masa kananzir, ya murɗo lagwani sama, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi ja, can ta kwanta ta koma shuɗiya, ba hayaƙi ko kaɗan. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman katanga, ni da ƙanena Sani muka tsuguna muna kallo baki buɗe. Baba ya ce wa Inna daga yau ta huta da hura wuta, idanunta su ma su huta. Can ƙarƙashin rumfar kara kuwa, Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a kan tabarma tana yayyaga wani tsohon zanenta siri-siri, tana tarawa a cikin ƙwarya. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Gidanmu yana bakin hanyar da ta wuce Magama ta shiga Nijar, sana'ar Baba kuma kai mai ce. Da sassafe yakan cika jarkoki da fetur, wani lokaci da kananzir, ya ɗaɗɗaure su a babur har ba a ganin ƙafafunsa, ya nufi tsallaken iyaka, inda masu saye ke ce wa jarka bido. Kafin azahar ya dawo da su wayam suna ƙwanƙwasar juna. Warin mai ya kama komai namu, tabarmi, kayan makaranta, har gammon da nake ɗaukar tulu da shi. Ni kuwa tun ina ƙarama mai yawan saƙe-saƙe ce. In na yi alwala sai na sake, wai ko na tsallake gwiwar hannu. In aka aike ni sai na dawo daga ƙofar gida na sake tambayar abin da aka ce in sayo. Nakan tsaya ina tunanin ko hijabin da ya goga jarka ya halatta a yi salla da shi. Shi ya sa Kaka ta laƙaba mini suna Waswasi, har sunan ya bi ni makaranta.

Kaka haifaffiyar can tsallake ce, aure ya kawo ta Jibiya. Duk bayan girbi takan je wajen danginta ta yi kwanaki, kuma a can ta ga abin da ta dawo da shi. A wurinmu, gona mai kyau ita ce wadda aka yi wa sassabe tas. Kafin ruwa ya sauka ake sare duk tohon sabara da kalgo da geza har ƙasa, a tara a cinna wuta, yadda in ka tsaya a wannan iyakar za ka hango ƙadangare yana gudu a waccan. Kaka ta ce danginta sun daina haka. Ranar Asabar da ta biyo bayan zuwan risho ta ɗora mini ƙwaryar tsummokaran, muka tafi gonarmu ta gado da ke kan hanyar Daddara. A gindin kowane kututture takan durƙusa ta duba tohon da ya fito, ta zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa, ta sare sauran da ƙaramar addarta, ta sassaƙe rassan ƙasa na waɗanda ta bari har su zama kamar sanda. Sai ta miƙo hannu in ba ta tsumma ta ɗaura, domin in 'yan ƙwadago sun zo sassabe su san wannan ba a taɓa shi. Abin da ta sare kuma mu ɗaure mu kawo gida, don ita ta ce ba za ta sha kunun risho ba, yana mata warin tasha.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Mu a nan, in aka ga ƙyalle ɗaure a jikin itace, abu ɗaya ke zuwa wa mutum a rai, wato wani yana hulɗa da iskoki. Yawanci a jikin tsohuwar tsamiya ko kuka ake ganin irin haka, guda ɗaya a daji, kowa na kauce masa. To ga gona guda cike da ƙyallaye suna kaɗawa. Masu wucewa suka canza hanya. Makiyaya suka riƙa kore awakinsu tun daga nesa. Matan da ke fita neman itace ba su ƙara saka ƙafa a gonar ba. A makaranta, lokacin tara, ina zuwa inda ake carafke sai a kwashe duwatsu a koma gindin wata darbejiyar. Wata yarinya mai suna Talatu ta ce kada a zana gala-gala da ni, in na faɗi ba a san wanda zai tashi a jikina ba. A Islamiyya kuma a makon nan aka karanta mana cewa shirka ce zunubin da ba a yafewa in mutum ya mutu a kansa. Na dawo gida ina ta tunanin cewa da hannuna na miƙa kowane tsumma.

Na sami Kaka tana tankaɗe, na tambaye ta ko da gaske akwai aljanu a gonarmu. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Akwai mana, Waswasi. Masu ƙahwa biyu, da gatari a kahwaɗa. Su nika tsoro." Na ce to me ya sa ba za ta gaya wa mutane gaskiya ba? Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ke ɗai kika tambaya, na kuwa hwaɗa miki." Ta ci gaba da tankaɗenta. Maimakon in sami sauƙi sai na sami sabon abin damuwa. Ba ta yi ƙarya ba, wannan na yarda. Amma ta bar mutane a cikin zato, kuma zaton nan ne ke gadin itatuwanta. To wannan a wane ɓangare yake? Na yi ta auna shi ina wanke ƙwan fitila, ina surfe, ina kan layin rijiya, ban samo masa wurin zama ba.

Makarantar boko ma ba ta taimake ni ba. Malaminmu ya ce hamada na tahowa daga arewa saboda sare itatuwa, don haka duk gidan da ya koma girki da risho ya taimaki ƙasa. Na yi murna, na ce ashe Baba ne mai gaskiya. Bayan 'yan makonni shi dai malamin ya ce man da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa ba ya tohuwa, ranar da ya ƙare ya ƙare ke nan, itace kuwa in an bar shi zai dawo. Na ce ashe Kaka ce. Da na kai wa Baba maganar, dariya ya yi yana ɗaure jarka. "Man ƙasarmu ne, Rabi. Kogi guda ne a can ƙasa. Har jikokinki ba za su ga ƙarshensa ba."

Damina biyu ta wuce a haka. Sandunan Kaka suka wuce tsayin mutum, suka yi kauri kamar damtse. Ganyensu ya riƙa zuba a kunyoyi, muka sami inuwar cin abinci ranar noma, geron da ke kusa da su kuma bai nuna wata damuwa ba. Amma Baba ya shiga takura. A inda masu babura ke taruwa kafin su tsallaka, abokansa suka fara ce masa ɗan mai iska, wai shi ya sa tayarsa ba ta faci. Da farko wasa ne. Daga baya wani da suka daɗe suna tafiya tare ya daina shan ruwa a butarsa. Baba ɗan fari ne, Kaka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce mai bido, shi kuma ba ya iya haɗa ido da ita balle ya ce ta bar abu. Sai ya je ya roƙi limamin unguwarmu ya zo.

Liman ya zo bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Kaka ta zauna daga bayan ƙofa. Ni ce na kai ruwa, na kuma maƙale a soro. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara har ta gama. Ya ce babu laifi a ɗaura wa itace alama, kuma raya itace aikin lada ne, amma abin da ke jefa Musulmi cikin mummunan zato ga ɗan'uwansu gara a bar shi. Ya ce shi da kansa zai sanar a masallaci cewa babu komai a gonar nan sai itace. Kaka ta ce, "To, Malam. Allah shi saka da alheri." Washegari muka je gona ta kwance tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da ƙwarya. Ranar na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Liman ya cika alkawari, aka daina tsokanar Baba, Talatu da bakinta ta kira ni carafke.

A ranin shekarar ne kananzir ya ɓace. Ni ban san dalili ba, na dai ga layin galan-galan a gidan mai tun safe har rana ta take, a dawo hannu wofi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗan abin da Baba ke samu ma ba ya tsayawa a gida. Tsallake yake kai shi, domin da shi ake sayo hatsin da za mu ci. Ina ganin kananzir yana fita ta ƙofarmu da safe, da rana Inna tana durƙushe tana hura murhu. Aka ɗaga risho aka ajiye a saman rumbu. Duk unguwa haka aka yi. Kara ya ƙare, kandilo, wato busasshen kashin shanu, ya yi wuya, mata da yara suka bazu cikin gonaki da gatura, kuma yanzu kowa ya ji daga bakin liman cewa gonarmu babu komai a cikinta sai itace.

Wata safiya Inna ta sayi dami a hannun wani mai jaki da ya tsaya a ƙofar gida. Na taya ta shigo da shi, muka kwance a gaban murhu. Itace ne miƙaƙƙe, mai kyau, ba irin karkatattun ƙiraren da muka saba gani ba. Kaka ta taso daga rumfa, ta ɗauki guda ɗaya, ta shafa inda aka sassaƙe rassan ƙasa tun yana ƙarami, wurin ya warke ya bar tabo. Ta juya shi, ta ɗauki wani, ta ajiye. Inna ta gane, ta dafe baki. Da itacen aka yi tuwon ranar, don babu wani. Ni na kasa ci, ina ta tunanin ko na sata ne, ko namu ne, ko duka biyun. Kaka ta wanke hannu ta ci nata, ta ce wa Inna, "Ya kama wuta da kyau." Da muka je gonar daga baya, ana hango waccan iyakar sarai. Ba ta ƙara ɗaukar addarta ba har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu ina gidan kaina a nan Jibiya, ina ɗinki. A saman ɗakina akwai ɗan farantin sola da ke ba mu fitila da cajin waya, kullum kuma sai na hau na goge shi don kada ya lalace a hannuna. In da hali mu sa gas, in babu mu sayi gawayi, duk buhun da aka sauke kuwa sai na tsaya ina tunanin gonar wa aka share. 'Ya'yana ba su san risho ba. Baba ya tsufa, babur ɗin ya daɗe a jingine. Nakan yi kewar Asabar ɗin nan, ina biye da Kaka da ƙwarya a ka, tana tafe tana yi mini tsiya, duk damuwata ba ta wuce abin da zan iya tambayarta ba.

Gonar kuwa damina da dama ba mu noma ta ba, saboda rashin tsaron da ya hana mutane nisa da gari. Kwanan baya Sani ya bi ta wurin da rana tsaka. Ya ce kututturan nan duk sun toho, sabara da kalgo sun wuce tsayinsa, ba mai sara domin ba mai zuwa. Na fara cewa alhamdulillahi, sai ya ce shi bana yana so ya gwada noma, kuma ba zai shiga gonar da ba ya hango mai tahowa ba. So yake ya share ta tas ya ƙona, amma da yake ina da haƙƙi a cikinta, ba zai yi ba sai da yardata. Ya ce in ba shi amsa kafin ruwa ya sauka. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, ni kuwa har yanzu ban san me zan ce masa ba.