Babu mai canjin Sadiq

"Umma, in na fita, wa zai shiga?"

Abin da ɗana Sadiq ya ce min ke nan a bakin fili a Birmingham, da na ce ya bar wasan, yana dafe da kafaɗarsa ta dama da ya bugu. Takanas na taso daga unguwarmu Rusholme a Manchester don in ga wasan American football na ƙungiyarsu ta jami'a.

Aikinsa tare abokan hamayya ne, kada su kai ga Callum, mai jefa musu ƙwallo. Mutum biyar ake buƙata a layin masu tarewa, su kuma biyar ɗin ne cif. Masu cafe ƙwallo kuwa sun cika benci, kowa inda ake yi wa mutum tafi yake so.

Na ce, "Kocinku ya nemo wani mana!"

Ya ce, "There's no one, Umma, babu kowa. Ina zama za su tattake Callum."

Haka ya koma. Aka kuma cinye su.

Yanzu likita ya ce shi da wasa har abada. Ɗazu na ga ya tayar da sallar la'asar, hannun dama ya kasa kaiwa kunne.

Iyaye, da ku ne, za ku shiga filin ku janyo shi? Ni dai tsayawa na yi ina kallo.