Yaya Sabi'u da tseren Zango zuwa Daura

Jama'a, yau na ga gwanin gudu kwance a gindin darbejiya!

Yaya Sabi'u nake nufi, ɗan kawuna mai cika bakin nan. An yi tsere daga Zango zuwa Daura, ukun farko za a kai Katsina. Na ce masa, "Yaya, na karanta cewa a zafin nan a hankali ake farawa, ana kurɓar ruwa."

Ya ce, "Kai ɗan boko, ƙafa ke gudu, ba littafi ba!"

Ana busa usur ya fizga. Abokansa suka bi shi a babura suna ihu, "Ƙara wuta!" Shi kuwa wai sai ya tsere wa babur. Ina cikin motar raba ruwa, na miƙa masa, ya ture. Wai ruwa na ragwaye ne!

Ko rabin hanya bai kai ba ya zube. Wani malamin firamare mai furfura ya iso da 'yar sassarfarsa, ya zuba masa ruwa a ka, ya ce, "Sannu, ɗana," ya wuce. Shi ya zo na uku!

Sabi'u kuwa a bayan babur ya shigo Daura, wai takalmi ne ya matse shi.