Belun Ɗiyata

Wanzamin garinmu ne ya kashe mini ɗan fari, kuma har ya mutu ban yafe mashi ba. Mai cewa kwana ne ya ƙare, ya je ya faɗa wa wata.

A Affala aka yi, zamanin Anasara. Ranar suna aka miƙa wa wanzamin yaron ya cire belu, ɗan naman nan mai reto a ƙarshen ganɗa. Wai in an bar shi, kumbura yake ya toshe wuya. Ya danne harshe da kara, ya zura ƙarfe mai lanƙwasa, hannunshi ya zarce. Daga ranar, in yaron ya kama nono sai ya ƙware, nonon ya fito ta hanci gauraye da jini. Kwana huɗu ya yi. Ko kuka ban samu na yi a fili ba. Ɗan fari ne, ana kunya.

Sai da na yi furfura, na shiga makarantar manya a Tawa, wata ungozomar likita ta buɗe mana hoton maƙogwaro. Ashe hanya biyu ce, ta numfashi a gaba, ta abinci a baya. In za a haɗiye, tsokar ganɗa ta ɗaga ta tare hanci, maƙogwaro ya hau, wani ɗan murfi ya kife kan hanyar numfashi, sannan tsokoki su matsa abinci ƙasa. Belu kuwa, kowa da nashi ake haihuwarshi. Ƙofar da Allah ya yi wa ɗana aka yage.

Amma sa'ad da na haifi ɗiyata, shekara biyu bayan rasuwarshi, ban san ko ɗaya ba. Ubanta ba ya gida, Anasara sun kwashe su aikin hanya na tilas. Jajibirin suna da la'asar, uwar mijina ta ce, "Gobe wanzami na tahowa."

Na ce, "Inna, ba mai taɓa mata wuya."

"Kin fi uwarki sani? Ke ba a yanke maki ba? Ga ki nan da baki kamar aska."

"Wancan ma an yanke mashi. Ina yake?"

Ta ce in belu ya shaƙe yarinyar, alhakin na kaina. Na tsorata ƙwarai, don ban san ko gaskiyarta ba ne.

Da safe, ana hura wutar ruwan wankan jego, na goya ɗiyata, na fita ta bayan danga, na kama hanyar Tawa da ƙafa, wurin gwaggona.